Sunan Yaya a Gurbin Uwa

A ƙasan otal ɗin, ƙarshen matattakalar da baƙi ba sa bi, akwai ɗakin wanki da guga. Zafinsa ya isa ya dafa ƙwai a aljihu. A nan Karin-guga ta yi fiye da shekara ashirin a tsaye. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, don doguwa ce siririya, miƙaƙƙiya sambal, ba ta lanƙwasuwa ko a tafiya ko a magana. In ta goge zanin gado, ƙuda ma ya sauka sai ya zame. Shugabar ɗakin, wata gajeruwar mata da ake kira Sitaci saboda taurin wuyanta, takan ce da za a shimfiɗa Karin-guga a kan tebur, da an huta da neman ma'auni.

Karin-guga ta auri direban babbar mota, mutum mai yawan dariya da ƙarancin zama. Shekara biyu suka yi, in aka haɗa kwanakin da ya kwana a gida ba su cika wata biyar ba, amma dai ya bar shaida. Cikinta na wata bakwai birki ya ƙwace masa a wata gangara, nan take ya rasu. Da rana tsaka aka zo ɗakin guga aka faɗa mata. Ta tsayar da dutsen guga a kan gindinsa, ta kashe wuta, ta ninke rigar baƙon da ke hannunta, sannan ta zube. Ko a faɗuwa sai da ta bi tsari.

Kafin yamma ta haihu. Bakwaini, mace, kamar 'yar kyanwar da ruwa ya doka. A asibitin gwamnati kwalaben jarirai biyu ne, jarirai huɗu na layi. Nas ta ce a lulluɓe ta da auduga a yi addu'a.

Sai ga Yaya.

Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma wanda ya gan su tare sai ya rantse a hanya suka haɗu. Yaya ƙatuwa ce, mai murya kamar lasifika, in ta shigo ɗaki sai iska ta matsa mata. Shekara goma sha biyu tana auren Akawu, ma'aikacin wani kamfanin siminti, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi kuwa Akawu mutum ne mai biro uku a aljihun gaba, wanda ko gaisuwa zai yi sai ka ga kamar yana neman inda zai sa hannu. Kamfaninsu na da asibitinsa na ma'aikata, kwalabe shida a jere, huɗu babu kowa a ciki. Sharaɗi ɗaya ne: ma'aikaci, matarsa, da 'ya'yansa.

Yaya ta leƙa cikin audugar, ta ɗago, ta dubi mijinta.

"Tashi ka nemo mota. Na haihu."

"Kin me?"

"Kurma ka zama? Na ce na haihu. Shekara goma matan kamfaninku na yi wa tumbin nan barka, yau dai Allah ya gaskata su."

"Wannan fa ƙarya ce a rubuce," in ji Akawu, yana shafa birukansa. "Ƙarya a baki daban, ƙarya a rubuce daban."

"To tsaya nan ka rubuta gaskiya, mu kuma mu je mu haƙa rami."

Ya nemo motar.

Asibitin kamfani ya karɓi jaririyar bisa maganarsa, aka ce a kawo takardar haihuwa cikin mako guda. A rana ta biyar suka je ofishin rajista su uku. Benci ne dogo, da taga mai ƙarafa, da wani magatakarda da ke cin gyaɗa daga cikin aljihun tebur. Bai ɗago kai ba ya ce, "Uba?" Akawu ya faɗi sunansa da wata murya kamar ta wanda ake cire wa haƙori. "Uwa?" Yaya ta buga ƙirji. A daidai lokacin gaban rigar Karin-guga ya jiƙe sharkaf da nono, zagaye biyu, har yana ɗiga. Magatakarda ya ɗago, ya dubi rigar, ya dubi Yaya, ya jefa gyaɗa a baki, ya buga hatimi. Ba aikinsa ba ne duba riguna.

A bakin ƙofa Yaya ta rungumo ta. "Auta, daina wannan fuskar. Takarda ce fa kawai. Takarda na ba da nono? Tana yin ƙwari mu dawo a gyara."

Karin-guga ta karɓi takardar, ta ga Yaya ta riga ta yamutsa ta a jaka. Da ta koma aiki ta ɗora mata ƙyalle mai laushi, ta rage wuta, ta goge ta tas. Da hannunta ta goge ta, ku ji fa, har tana hura mata iska.

Yarinya ta rayu. Aka yi ta kiranta 'Yar Kwalba har ya bi ta. A ɗakin uwarta ta tashi, ciki ɗaya a bayan shagon mai walda, gado ɗaya, risho a bakin ƙofa, igiyar shanya daga taga zuwa ƙusa. Umma take ce mata, Yaya kuma Mama. Baki gare ta kamar reza, ta gado Direba a dariya, ta gado uwarta a tsayi. Sai dai zuciyarta da huda aka haife ta. In ta hau matattakala goma sai ta tsuguna, leɓɓanta su yi shuɗi. Saboda haka duk farkon wata sai an je asibitin kamfani, Yaya a gaba riƙe da hannun yarinya, Karin-guga a baya da jaka da gorar ruwa.

"Wannan fa?" in ji nas.

"Ƙanwata ce, tana taya ni ɗawainiya."

"To ta jira a waje. Iyaye kawai."

Haka ta yi ta jira a waje. Ta san bencin nan har inda ƙusarsa ke kama zane. Duk shekara takan tayar da maganar gyara, Akawu ya ce a bari ta ƙara ƙwari, Yaya ta ce, "Ke da ke kwana da ita kina jin numfashinta, me kike nema a wajen takarda? Ni da nake da takardar ai filo nake runguma." Sai su yi dariya. Gaskiya ce kuma, ba wanda ya ƙwace mata komai. Shekara tara takardar na kwance a fayil ɗin Akawu, ba ta ce uffan ba.

Ranar wata Talata Yaya na tsaye a kasuwa tana zazzaga wa mai tumatir masifa, sai ta dafe kai ta zauna a kan kwandonsa. Hawan jini. Kafin a kai ta asibiti magana ta ƙare, ita da ba a taɓa jin maganarta ta ƙare ba. Karin-guga ta yi kuka irin na mutanen da ba su iya kuka ba, a tsaye, baki a rufe. Ba ta san cewa ba yaya kaɗai ta binne ba, har da mutum ɗaya tak da zai iya buga tebur ya ce wa kowa, "Ku bar shirme, 'yar Auta ce."

Wata huɗu bayan haka likitan kamfani ya ce hudar ba ta jira kuma. Aiki za a yi, kuma ba a yin irinsa a ƙasar. Kamfani zai kai yarinyar waje, tare da mahaifinta, kuma tun da za a yi shekaru ana bibiya, za a mayar da shi reshensu na can. Akawu ya zo ɗakin bayan shagon walda da wasiƙar, ya zauna a bakin gado yana riƙe da ita da hannu biyu.

"To madalla," in ji Karin-guga. "Yaushe za mu tafi?"

Ya ninke wasiƙar. Mai walda na ta feshin wuta a waje.

"Auta, na tambaya. Na rantse na tambaya. Sun ce iyaye kawai."

Ba ta yarda ba sai da ta je da ƙafarta ofishin jakadancin ƙasar. Ta yi layi tun safe, ta goge kayanta har suna yankan ido. Wata budurwa a bayan gilashi ta duba takardun ta ce, "Mece ce ke a wajenta?" Ta ce, "Ni na haife ta." Budurwar ta juyo da takardar haihuwa ta manna a gilashi, ta sa farce a ƙarƙashin sunan Yaya. Ba ta ma yi gardama ba. Farcen ya isa.

Karin-guga ta koma ɗakin guga ta ƙona rigar baƙo, karo na farko a rayuwarta. Sitaci ta ɗaga rigar ta leƙa ta cikin ramin.

"Yau kuma taga kika buɗe masa? Me ya faru?"

Ta faɗa mata duka.

"Amma ke dai an yi doguwar banza," in ji Sitaci. "Shekara tara kina ɗaukar jaka a bayan 'yarki kamar 'yar aiki! Wannan mai birukan, ko zazzaɓinta ya taɓa ji a tafin hannunsa? Akwai wata lauya da ke taimakon mata kyauta a saman kantin magani. Ki je. Yanzu jini ake gwadawa, ba a rantsuwa."

Lauyar yarinya ce mai tabarau da saurin magana. Ta ce a wajen kotu takardar haihuwa shaida ce mai nauyi, abin da ta faɗa shi ne gaskiya har sai an kawo abin da ya fi ta. Maƙwabta ba su fi ta ba. Nonon da aka sha bai fi ta ba. Amma gwajin jini ya fi ta, in alƙali ya ba da umarni. Karin-guga ta ji kamar an buɗe mata ƙofa. A lissafinta abin a miƙe yake kamar hannun riga: a cire sunan Yaya, a sa nata, ta hau jirgi da 'yarta. Ba ta kawo wasiƙar kamfani ba, lauyar kuma ba ta tambaya ba.

Ranar zaman kotu Akawu ya tare ta a baranda. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma ba a goge take ba. Ita ta lura da wannan kafin komai.

"Auta, don Allah ki saurare ni minti ɗaya."

"Ka yi magana da lauyata."

"Ba ƙwace miki ita zan yi ba. Me zan yi da ita? Ko kitso ban san inda ake kai ta ba. Amma in aka taɓa takardar nan..."

"Shekara tara kana cewa a bari. Yau ma a bari?"

Ta wuce shi.

Alƙaliyar dattijuwa ce, tana da tabon ƙuna a bayan hannu, irin na matan da suka yi girki kafin su yi karatu. Ta saurari lauya. Ta saurari Akawu, wanda bai musa komai ba, sai cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, a karanta wannan," ya miƙa wasiƙar kamfani. Ta karanta sau biyu. Ta cire tabarau, ta dubi Karin-guga.

"Baiwar Allah, matso. Kin san abin da kike roƙo?"

"A sa sunana, ranki ya daɗe."

"Takardar nan ba riga ba ce da za a sauya mata maɓalli ɗaya. In na sa a gwada jini, na kowa za a gwada. In ya nuna ke ce uwa, zai nuna wannan mutumin ba uba ba ne. Sai in soke takardar gaba ɗayanta. Wasiƙar nan kuwa cewa ta yi, 'ya'yan da ma'aikaci ya haifa. Kin gane?"

"Ai sun san ta, ranki ya daɗe. Tun tana kwalba suke ganinta. Likitan har alewa yake ba ta."

"Alewa tasa ce. Jirgi da asibitin waje na kamfani ne, kamfani kuma takarda yake karantawa. Ba ni da ikon tilasta musu. Ban ma taɓo maganar waɗanda suka ba da bayanin ƙarya a ofishin rajista ba, ɗaya ta riga mu gidan gaskiya, ɗaya ga shi yana rawar ɗari." Ta sassauta murya. "Yaushe aka sa ranar aikin?"

"Sha bakwai ga watan gobe," in ji Akawu.

Lauyar ta miƙe tana cewa za a iya neman wata hanya, akwai ƙungiyoyi, a rubuta wasiƙu, a ɗan ba su wata shida. Karin-guga ba ta ji sauran ba. Wata shida. Da safen nan ma sai da 'Yar Kwalba ta huta sau biyu tsakanin gado da bakin ƙofa, tana dariya tana cewa ƙafafunta ne ke yajin aiki.

Fanka na juyawa a sama. Wani a baya ya yi tari. Ta dubi hannayenta, duk tabon dutsen guga, ta ga ba abin da za su iya gogewa a nan.

"Na janye, ranki ya daɗe."

"Ki yi tunani. In kika janye, sai na rubuta dalili. Abin da na rubuta kuma zai zauna, ba a dawowa gobe a ce an tuba."

"Na yi."

"To don a rubuta: mece ce dangantakarki da yarinyar?"

Mutanen da ke wurin sun ce ba ta ko lanƙwasa ba. Ta tsaya sambal, ta dubi bango.

"Ƙanwar uwarta ce ni."

"Me ya sa kika shigar da ƙara?"

"Ruɗewa ce. Yayata ta rasu, yarinyar ta shiga raina."

Alƙaliya ta daɗe ba ta rubuta ba. Sannan ta rubuta. Da ta gama ta ce, ba da muryar kotu ba, "Allah ya ba ta lafiya." Akawu ya kifa kai a kan benci yana kuka kamar an yi masa duka, har sai da ɗan sanda ya taɓa kafaɗarsa. Karin-guga ce ma ta ce masa, "Tashi, mijin Yaya, kana ba mu kunya. Ka kawo rigunanka gobe in goge, ba za ka kai min yarinya ƙasar mutane kamar an tono ka ba."

Sauran kwanakin ta yi su tana koyar da shi. Wane magani kafin abinci, wane bayan abinci. Filo biyu, ba ɗaya ba. In ta ce ba ta jin yunwa ƙarya take, in ta ce ba ta gaji ba ƙarya take, in ta yi shiru a kira likita. Ya rubuta duka a littafi, da lamba ɗaya, biyu, uku. Karo na farko da birukan nan suka yi wa wani amfani.

A filin jirgi akwai wata ƙofar gilashi da mai rakiya ba ya wucewa. Ta tsuguna a gaban keken da aka ɗora yarinyar, ta gyara mata wuyan riga wanda ba abin da ya same shi.

"Umma, ke yaushe za ki taho?"

"Sai na gama aikin da ke gabana."

"Aikinki ai ba ya ƙarewa. Kullum sai sun ɓata zanin gado."

"To ki ce musu su daina." Ta riƙe haɓarta. "Saurara. A can duk wanda ya tambaye ki, abin da ke cikin takarda za ki faɗa. Ko likita, ko nas, ko mai shara. Kin ji?"

"Ko sun ba ni alewa?"

"Ko sun ba ki kantin."

Aka tura keken. Yarinyar na ta waiwaye tana ɗaga hannu har kwana ta ɗauke ta.

Ranar sha bakwai Karin-guga ta zo aiki kamar kullum. Sitaci ta ce ta koma gida, ita kuwa ta ce in ta zauna a ɗakinta ita kaɗai haukacewa za ta yi. Ta ajiye waya a kan tarin tawul, ta yi guga. Ranar ba wanda ya tsokani wani. Sai washegari da hantsi wayar ta yi ƙara, Akawu ne: an yi, an dace, ta farfaɗo, ga ta.

Aka yi ta ƙoƙarin kara wa yarinyar wayar. Sai ga wata 'yar murya, a shaƙe, kamar daga ƙasan rijiya.

"Umma."

"Na'am, uwata. Na'am. Da ciwo?"

"Kaɗan. Umma, wata nas ta tambaye ni ina mamata."

"Me kika ce?"

"Na ce ta rasu." Ta ja numfashi, dogo, wanda bai tsaya a hanya ba. Karin-guga ba ta taɓa jin ta ja irinsa ba. "Na yi daidai?"

Matan ɗakin duk sun tsayar da aiki. Sitaci ta toshe baki da tawul ɗin baƙi.

"Kin yi daidai," in ji Karin-guga. "Yarinyar kirki. Yi barci."